Tsiren Agege a Rufaffen Ɗaki

"Ki ce mata maganin mura za ki haɗa mini," in ji Gafaru. Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta yanka cinyar rago sala-sala a kan murfin bokiti.

Matarsa Fusena ta tsaya da mayafi a hannu. "Maigida, wace mura ce ake wa magani da ƙuli-ƙuli da ragar gashi?"

"Ta Legas. Je ki."

Tun da aka koro shi daga Najeriya tare da sauran 'yan Gana, komai nasa na Legas ne. Wankin mota ya yi a Agege, ya dawo unguwarsu Maamobi a Gana da rediyo mai kaset, da baƙin tabarau, da bakin da ba ya gajiya. A cewarsa, cicinga, wato tsiren Gana da ake gasawa a bakin titin Nima, roba ce aka shafa wa barkono, shi ne ya ga tsire na gaskiya a hannun Sakkwatawa. Yau ya ba wani mahaucin Sabon Zongo rediyon, ya karɓo cinya, ya shigo da ita cikin riga kamar ɓarawo. A shekarar yunwar nan da mutane ke bin layin dokunu, tuwon masarar nan, tun bai dahu ba, gwanin namu ya yanke shawarar gasa nama a gidan haya mai ɗaki goma, ba tare da kowa ya sani ba.

Fusena ta fita da kunya. Mma Amama, tsohuwa mai sayar da koko, ɗakinta na jikin nasu. Duk tsawon zaman Gafaru a Agege, ko gaisuwa bai aiko ba, amma kullum da yamma ɗan kwanon tsohuwar mai ɓantararren baki sai ya ƙetaro ƙofar Fusena da wani abu a ciki. A gidan nan haka ake yi: abin da hancin maƙwabci ya ji, bakinsa ma sai ya taɓa.

Tsohuwar ta saurari ƙaryar har ƙarshe, ta miƙo ƙuli-ƙuli da citta da raga.

"Wannan mura ya yi ƙarfi paa," ta ce. "Allah shi ba shi lafiya."

Bayan la'asar Gafaru ya sa sakata, ya rufe taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Ya tsire naman da tsinken tsintsiya, ya barbaɗa yaji, yana koya wa Fusena yadda ake riƙe mafici a Agege. Duk dabarar nan bai ɗaga kai ya ga cewa ɗakin babu silin, bangon ma bai kai rufin kwano ba. Kitse na ɗiga a garwashi, ƙamshi ya haura sama ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya.

Tsakar gida ta yi tsit. Yaran da ke wasa suka daina, mai daka ta ajiye taɓarya. Shirun ya fi zagi ciwo a kunnen Fusena, don ta san gobe da waɗannan mutanen za ta tashi.

Aka ƙwanƙwasa.

"Ki ce muna barci," Gafaru ya raɗa, idanunsa jajur, yana danne tari da hula.

Fusena ta zare sakatar. Hayaƙi ya yi waje, ya rufe fuskar Mma Amama. Tsohuwar ba ta leƙa ba. Ta miƙo kwanon nan mai ɓantararren baki, da jiƙaƙƙen garin rogo a ciki, bai kai rabi ba.

"Yau wannan na samu," ta ce. "Ba mai mura shi sha, kar shi kwana da yunwa."

Ta juya abinta.

"Rufe mana," in ji Gafaru. "Kin ga? Ba ta gane komai ba. Mutanen nan ai ba su waye ba."

Fusena ta dubi garin, ta dube shi da tabarau a goshi da maiƙo a haɓa. Ta ajiye kwanon. Ta ciro tsumman da ke ƙarƙashin ƙofa, ta naɗe hannuwanta da shi, ta kama kunnuwan murhun, raga da nama da komai, ta fita da shi har tsakiyar gida ta dire.

"Mma," ta ce, "zo ki raba. Ke kika san yawanmu."

Gafaru ya biyo ta har bakin ƙofa, ya ga idanu, ya koma ciki ya turo ƙyauren. Daga nan yake jin tsohuwar tana kiran ɗakuna, kowa da tsinkensa. Wani yana cewa gishiri ya yi yawa. Wata ta ce cicingar Ziblim ta bakin titi ta fi laushi.

Can aka sake ƙwanƙwasawa. Ya buɗe bai ga kowa ba. A ƙasa, cikin kwanon mai ɓantararren baki, an ajiye masa tsinke ɗaya, daidai da na kowa.