An Rubuta Umma Ta Warke

"Mama, cikin makonni biyun nan, sau nawa kika ji kamar rayuwa ta ishe ki?"

Nas ɗin asibitin ta riƙe biro tana jira. Umma ta ƙura wa ƙafar tebur ido, tana murza bakin mayafinta. Autanta, direban tasi, ya waiga ƙofa. Labulen bai rufe duka ba. A bencin waje ya hango matar mai gidan da suke haya, ta zo awon jini, kunne a miƙe.

"Ko sau ɗaya," in ji shi. "Ai da sauƙi sosai."

"Ita na tambaya, ɗan'uwa. Kai in naka ya zo zan ba ka kujera."

"Umma, gaya mata mana."

"Da sauƙi," ta ce, kamar da aron murya.

Tun da mahaifin Auta ya rasu Umma ta daina kunna rediyo, ta daina yi wa kowa faɗa. Sai ta wuni tana fuskantar bango. Wata biyu ke nan da aka sa ta cikin binciken ciwon damuwa, kuma tun ranar farko aka yi musu bayani: kowa zai fara da ƙwayar magani. Bayan mako takwas, wanda bai ji dama ba za a ƙara masa zama da mai ba da shawara duk Laraba. Amsoshin nan kuma su likitoci ke dubawa su san inda za su tura masu zuwa a baya.

Sai dai ɗakin Laraba yana ƙarshen baranda, inda kowa ke ganin mai shiga. Auta ya san sunan da ake kiran ɗakin a unguwa. Uwar da ta goya shi, a nuna ta da baki a ce ta taɓu? Haka ya yi ta amsawa a madadinta. Barci? Tana yi. Abinci? Har ƙari take nema.

* * *

Nas ta dawo daga ɗakin kwamfuta da fara'arta.

"Mama ta shiga layin waɗanda suka warware. A ci gaba da ƙwaya, sai bayan wata shida." Ta miƙa masa kati. "Irin su Mama sun yi yawa, wallahi. Har an fara rage masu zuwa Laraba, tunda ga alama ƙwayar kaɗai ta wadatar."

Auta ya yi godiya. Da suka fito ya gaishe da matar mai gida da ƙarfi, ya ce hawan jini ne ya kawo su.

* * *

A mota Umma ta zauna baya, katin a cinyarta. Sun wuce shataletale biyu kafin ta yi magana.

"Wata da muka zauna benci ɗaya ta ce a ɗakin can barin mutum ake yi ya yi ta magana har ya gaji. Wai ba mai ce maka yi haƙuri."

"Surutu ne kawai, Umma."

"Haka ne."

Danja ta tsayar da su. Ya dube ta ta madubi. Ta juya katin sama da ƙasa, ita da ba ta karatu, ta daɗe tana kallon tambarin.

"Auta," ta ce a hankali, "ashe na warke?"

Fitila ta koma koriya. Na baya suka yi ta danna masa oda.