Wata Goma Sha Biyu a Teku

Ana tsaka da rabon waina a gidansu na Shahuci, Hajiya Sa'ida ta ɗaga takardar sama don matan unguwa su gani. Shekara goma sha shida ɗanta Mikail ya yi yana shan zafin ɗakin injin jiragen ruwa, sau biyu yana faɗuwa jarrabawa, kafin ya samu lasisin babban injiniya.

"Yaron da ko kududdufi ban taɓa barinsa ya shiga ba!" in ji ta, tana dariya.

Bayan la'asar yayanta, Kawu Nata'ala, ya ja Mikail soro, ya zaro fom daga aljihu.

"Na ɗana ne, ƙaninka Nazeer. Shekara uku da gama makarantar jiragen ruwa, ya rasa jirgin da zai ɗauke shi horo. Kuma ka sani ba a zama jarrabawar lasisi sai mutum ya cika wata goma sha biyu a teku. Hannu kawai za ka sa, ka ce a ƙarƙashinka ya yi. Kowa haka yake yi."

Mikail ya karanta fom ɗin. Kawun nan ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

"Kawu, in bututun mai ya fashe a tsakiyar teku, babu bakaniken da zai kira. Rayukan mutum ashirin ne a hannunsa. Ba zan iya ba. Amma zan nema masa gurbi, a ƙara haƙuri."

"Haƙurin ne muka gaji da shi." Kawu ya ninke fom, ya zura takalmi, ya fita babu sallama.

* * *

Hajiya ta ji komai daga bayan ƙofa.

"Ka san ba zai ƙara tako gidan nan ba?"

"Na sani, Hajiya."

"To, Allah Ya yi maka albarka. Ko ni na roƙe ka, kada ka sa."

* * *

Bayan wata biyar Mikail ya samo gurbin, amma Nazeer ya aiko cewa ba ya buƙata: wani ya sa masa hannu a Legas.

Wata Juma'a Hajiya ta ci karo da Kawu a Ƙofar Mata. Ta rusuna ta gaishe shi, ya kau da kai ya wuce. Wata maƙwabciya da ta ga abin ta yi saurin cewa, "Hajiya, ina labarin injiniya?"

"Yana bakin aikinsa," in ji ta da ƙarfi, yadda Kawu zai ji. Sai da ta sha kwanar lungunsu ta goge ido da bakin mayafi.