Ƙugun Mai Ido

A sashen ɗaukar hoto na asibitin, Mai Ido ake ce masa, kuma bai taɓa hana kowa faɗa ba. Shi ne likitan da ke karanta hotunan ƙashi. Zamansa a wani ɗaki ne marar taga, daga shi sai allon kwamfuta da kofin shayin da kullum yake hucewa bai sha ba. Alamar da ya fi ji da ita tana bakin gurbin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki. Layuka biyu ne, in sun gitta juna kamar almakashi, shi ke nan, ƙashi na gugar ƙashi, sai ya rubuta a miƙa mutum ga likitan tiyata.

Ana nan sai ciwon ya biyo shi gida. A matsematsinsa na dama ya fara, in ya sunkuya ɗaura takalmi ko zai fito daga mota. Ya sa aka ɗauke shi hoto, ya duba da kansa, ga almakashi ɓaro-ɓaro. Abin kunya, har ɗan daɗi ya ji, wai ko ciwon nasa ma irin na cikin littafi ne.

Likitan tiyata, abokinsa tun suna ɗalibai, ya ce, "Kwanta in ɗan murɗa ƙafar tukuna, mu ji inda yake."

"Murɗar me? Ni fa na karanta hoton."

Aka sa ranar Litinin za a shiga a kankare masa ƙashin.

A gida ya zama ɗan gata. Matarsa ta hana shi ɗaukar ko jakar aiki, shi kuma ya koyi wani nishi mai ban tausayi da yake saki duk lokacin da zai zauna. Ta ce, "Abban yara, kai da allura ke sa ka gumi, yaya za ka ƙare da wuƙa?" Ya yi dariyar manya. Gaskiyar magana tsoro yake ji, sosai ma.

Ran Alhamis wata matashiyar likita da ke bincike a sashen ta shigo ɗakinsa. Can baya ta tara hotunan ƙugu, ta goge sunaye, ta ba kowane likita ya karanta. Bayan makonni ta hargitsa jerin, ta sake ba su. So take ta ga ko mutum zai yarda da kansa. A lokacin Mai Ido ya yi nasa karatun yana hamma.

"Ranka ya daɗe, akwai ɗaya da nake so ka gani."

Ta buɗe hoto, da rahoto biyu a gefensa. Na farko ya ce layuka sun gitta, gugar ƙashi ce ba tantama. Na biyu ya ce ƙugu lafiyayye ne, kwanciyar ce ba a daidaita ba lokacin ɗauka, ƙugun ya karkato gaba, shi ya sa layukan suka hau juna.

Ya gyara tabarau. "To wane ne a cikinsu bai san aikinsa ba?"

"Duka biyun kai ka rubuta."

"Hoton wa ne?"

"Naka ne. Kai ka ce in saka shi, in sami misali mai kyau."

Ta yi saurin ƙarawa da cewa ba shi kaɗai ba ne, sauran likitocin ma sun saɓa wa kansu a kan alamar nan, sun kuma saɓa wa juna. Wannan bai rarrashe shi ba ko kaɗan. Ya zauna yana kallon ƙashin da ya ɗauke shi tun yana rarrafe, sun haɗu a allo bai ko gane shi ba. Wai Mai Ido.

Ya ɗingisa zuwa ofishin abokin nasa, ya cire takalmi ya hau gado ba wanda ya ce masa. Likitan tiyata ya naɗe masa gwiwa zuwa ƙirji, ya murɗa ƙafar ciki. Shiru. Ya sake murɗawa, har yanzu shiru. Sai da ya danna babban yatsa a jijiyar saman cinya Mai Ido ya saki ƙara, ta gaske wannan karon.

"Gashin ƙashi za a yi maka da motsa jiki. Wuƙata ba ta da aiki a nan," in ji abokin, yana wanke hannu.

Daɗi ya rufe Mai Ido har ya ji ƙwalla. Yana ta kokawa da igiyar takalmi, yana tunanin ta inda zai fara yi wa matarsa bayani, abokin ya buɗe ƙofa ya nuna masa benci da haɓa.

"Ba kai kaɗai na sa wa Litinin ba fa."

A kan bencin akwai wata mata da wani saurayi mai kayan wasan ƙwallo, kowa rungume da babban ambulan ɗin hoto. Matar ta gan shi, ta yunƙura ta miƙe da ƙyar.

"Likita, an ce kai ka gano mini ciwon. Allah ya saka da alheri."