Awa Ɗaya a Ƙofar Verna

Marites, mai yi wa Verna hidima, ta sake ƙwanƙwasawa karo na uku, sannan ta kara kunnenta a jikin ƙofar.

"Uwar ɗakina? Ni ce. Takwas ta gota fa."

Shiru. Dusar ƙanƙarar da ta maƙale a takalmanta ta soma narkewa a kan dardumar baranda.

Lorraine Thiessen, wadda ɗakinta ke kallon na Verna Sawchuk, ta leƙo da kofin shayi a hannu, ko gashinta ba ta taje ba.

"Ba ta amsa ba?"

"Ko tari, Anti Lorraine."

"Da ni take fushi, ba da ke ba. Jiya na ce ta bari a kai ta likita ya duba mata ƙirjin nan, ta ce in je in kai kaina, ni ce tsohuwa."

Marites ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Lorraine ta dubi agogon hannunta: takwas da minti huɗu. Ta koma ɗaki ta ɗauko makullin daga cikin gwangwanin da take ajiye shi, ta sa a aljihun riga, ta dawo ta tsaya. Ba ta yi niyyar buɗewa ba. Ta dai ɗauko.

Shekara talatin da huɗu Verna ta yi a babban gidan ajiye naƙasassu da ke wajen gari, wanda tsofaffin lardin Manitoba na ƙasar Kanada ke ce wa Gidan Tudu kafin a rufe shi. Gado ashirin a ɗaki ɗaya, ban ɗaki babu ƙofa. Duk mai farar riga yana iya yaye mata bargo ba tare da ya ce mata ko sannu ba. Da aka soma ba ta kuɗin tallafinta da sunanta, a hannunta, ita ta zaɓi wannan ɗaki, ita ke ɗaukar masu yi mata hidima, ita ke sallamarsu. Ta ƙi a sa mata mai kwana da ita. Ta ce a mayar da awoyin kwanan zuwa ranar Asabar, a riƙa kai ta bakin kogi ta kalli masu zamiya a kan ƙanƙara. Ƙofarta kuwa ita ke buɗewa daga kan gado, da wani ɗan maɓalli mai kamar akwatin ashana. Ma'aikatanta ba su da makulli. Ɗaya ne tak a duniya, shi ne wanda ke aljihun Lorraine.

Lorraine ba ta manta ranar da aka kafa wannan doka ba. Su biyar ne amintattun da Verna ta zaɓa su riƙa zama da ita duk wata ana shawara, har da ƙanenta Orest. Maganar Verna da ƙyar take fita, kalma bayan kalma, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, amma in ta fito ba ta komawa.

"In an buga ba ki amsa ba fa?" in ji Lorraine.

"A... jira."

"Har yaushe?"

"Awa... ɗaya."

"Awa ɗaya! Haba Verna. Minti goma dai."

"Ke, Sarkin Sa-ido. Ƙofar... wa?"

"Taki."

"Kuɗin... wa?"

"Naki."

"To... rubuta."

Orest ya yi ta dariya har da buga tebur. "Ki rubuta kawai, Lorraine. Tun tana yarinya ba a cin ta da gardama." Aka rubuta, duk su biyar suka sa hannu.

Ba a yi wata uku ba, wata ma'aikaciya mai suna Darlene ta buga ta ji shiru, hankalinta ya tashi, ta lallashi Lorraine ta buɗe mata bayan minti bakwai. Suka tarar da Verna kwance, ido biyu, tana kallonsu. A ranar ta sallami Darlene. Lorraine kuwa ta yi kwana goma sha ɗaya ba a amsa mata gaisuwa.

Da suka shirya, Lorraine ta ce, "Don Allah me kike yi da kika ƙi amsawa?"

"Ina jin... daɗin... ƙin amsawa."

A shekara bakwai ta yi haka kamar sau goma. Mafi daɗewa minti ashirin da biyar, sannan ƙofar ta yi ƙara ta buɗe, Verna na kwance tana murmushin mugunta, ta ce a gasa mata burodi kada ya ƙone irin na jiya.

Takwas da kwata. Marites ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, jakarta a cinya.

"Anti, ko mu kira ta a waya?"

"An hana. In ta ji kira, shigowa ne ta taga, in ji ta."

"Jiya da na kwantar da ita numfashinta na ɗan yin fito."

"Kullum yana yi."

"Na jiya daban ne."

Lorraine ta sake duban agogo. Hannunta na cikin aljihu, haƙoran makullin sun nutse a tafinta.

Takwas da minti ashirin da biyu suka ji wani ɗan ƙara daga ciki. Ƙwas! Kamar ƙaramin abu ya faɗi a kan katako. Suka dubi juna.

"Bututun ɗumama ɗaki ne," in ji Marites da sauri. "Haka yake yi in an yi sanyi."

"Haka yake yi," in ji Lorraine.

"Verna!" Lorraine ta ɗaga murya. "In wasa kike yi, wallahi yau zan ƙone miki burodin da hannuna!"

Ba ko motsi. Wani maƙwabci ya wuce da karensa, ya gaishe su, ya ce, "Sarauniya ta hau dokin naƙi ke nan?" Suka yi masa yaƙe.

Lorraine ta ce wa ranta za ta jira minti ashirin da biyar su cika, tunda Verna ta taɓa kaiwa nan. Suka cika. Ta ce to, talatin. Ta tuna idon Verna ranar da suka shiga da Darlene: ba fushi ne kaɗai a ciki ba, har da wani abu mai kama da na yaron da aka ƙwace wa abin da aka ba shi da kansa. Ta ƙara biyar. Ta ƙara biyu.

Takwas da minti arba'in da ɗaya ta ce, "Ta kore ni in ta ga dama," ta zura makullin.

Verna na kwance a gefenta na dama, bargo har kafaɗa, bakinta a ɗan buɗe, idanunta ba su gama rufewa ba. Marites ta yi kanta tana kiran sunan Allah, tana taɓa wuyanta, tana danna ƙirjinta kamar yadda aka koya mata. Lorraine ta kira motar asibiti. Tana cikin ba da adireshi ƙafarta ta taki wani abu a gindin gadon. Maɓallin ƙofar ne, a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ɗora shi a kan bargo kusa da hannun Verna. Marites ta gani. Ba ta ce komai ba, a ranar ko bayan ranar.

Ma'aikatan motar asibitin sun yi iya ƙoƙarinsu, sannan babbansu ya miƙe ya cire safar hannu. Lorraine ta bi shi har baranda.

"Bawan Allah, yaushe ta cika?"

"Ba zan iya ce miki ga minti kaza ba, Mama."

"Amma jikinta da ɗumi."

"Ɗakin ma da ɗumi, ga bargo biyu. Zai iya zama awa biyu, zai iya zama ƙasa da haka."

"Ƙasa da haka kamar nawa?"

Ya dube ta da tausayi. "Ban sani ba."

Likitan da ya duba gawar ma abin da ya iya cewa ke nan: zuciya ce, da safiyar nan.

Orest ya iso daga garin Brandon da yamma, hularsa a hannu. Ya saurari labarin a tsaye. Da Lorraine ta kai ƙarshe sai ya ce, "Tsaya. Makullin na aljihunki?"

"Yana aljihuna."

"Minti talatin da bakwai kina tsaye, yayata na ciki?"

"Ka sa hannu a takardar, Orest. Har dariya ka yi."

"Takarda!" Muryarsa ta fashe. "Na ɗauka duk mun san wasa ne! Na ɗauka in ta kai ta kawo akwai mai hankali a cikinmu!"

"Ita ba ta ɗauke shi wasa ba."

"To da sai ki cika awar mana, in alkawari kike riƙo. Me ya sa kika buɗe?"

Bai jira amsa ba. Ya zauna a keken guragu na Verna, da yake babu wata kujera kusa, ya rufe fuska da hular. Can Lorraine ta ɗora masa ruwan shayi, ya sha bai dube ta ba.

Bayan jana'iza jami'ar da ke kula da tallafin ta zo da takardar rahoto. Mace ce mai sanyin murya. Ta ce ba laifi ake nema ba; ana dai so a san ko ya kamata a daina barin mutane su kafa irin wannan doka, ko a yanke minti goma ga kowa. Ra'ayin Lorraine zai yi nauyi, tunda ita ta gani da idonta.

"In na ce a yanke, na ce Verna ba ta san abin da take so ba," in ji Lorraine. "In na ce kada a yanke..."

"Ba sai yau ba. Ki riƙe takardar zuwa Jumma'a."

Barci ya ƙaurace mata a makon. Ko cokali ya faɗi a ɗakin girki sai ta zabura. Takan tsinci kanta tana lissafi da yatsu: daga minti ashirin da biyu zuwa arba'in da ɗaya, goma sha tara. Wata rana ta gamsu cewa bututu ne. Washegari ta tabbata ba shi ba ne.

Ranar Alhamis Orest ya roƙe ta ta soma haɗa kayan Verna, don mai gida na son ɗakin a ƙarshen wata. Marites ta ce za ta zo ta taya ta da safe. Da safen Lorraine ta riga ta zuwa, ta shiga, ta mayar da ƙofar ta rufe. Ta naɗe riguna, ta kwashe hotunan bakin kogi daga bango, ta ajiye takardar jami'ar a kan tebur ba ta cike ko layi ɗaya ba. Bayanta ya ƙage. Ta zauna a bakin gadon, sannan, ba tare da ta yi shawara da kanta ba, ta kwanta a gefenta na dama, kanta a inda kan Verna yake zama.

Ba ta taɓa ganin ɗakin daga nan ba. Ba a hango taga, ba a hango talabijin. Ƙofar kawai ake gani, tun daga sama har ƙasa, da wani siririn haske na fitilar baranda da ke shigowa ta ƙarƙashinta, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba.

Tana kallonsa sai hasken ya yanke a wuri biyu. Inuwar ƙafafu ce. Marites ta iso, ta tsaya, ta kasa ɗaga hannu ta buga. Daga kan gadon ana ganin komai sarai: yadda take sauya nauyinta daga ƙafa zuwa ƙafa, yadda ta ɗan ja baya, ta sake matsowa.

Lorraine ta ja numfashi za ta yi magana, sai ta riƙe shi. Ta ci gaba da kwanciya, kuncinta a kan katifar da babu zani, tana kallon ƙafafun nan biyu a tsaye cikin hasken, suna jira.