Ragowar Wankin Sarƙa

Jibrilla mai gyaran keke ya ƙona wa mace hannuwa biyu saboda ƙyashin zubar da dattin gwangwani. Ba kuskure ba ne. Duk wanda ya kira shi kuskure bai san sana'ar ba.

Malam Ɗantani ne ya koya masa aiki, dattijon da ya shekara talatin yana gyaran keke a unguwar Kachalla Sembe, cikin Jalingo. Shi da kananzir yake wanke sarƙa. Yakan cire ta ya jiƙa a gwangwani, ya bi ta da tsohon buroshi gaɓa bayan gaɓa, ya rataye ta a ƙusa sai ta tsane, sannan ya sa mata mai. Aikin yakan ci rabin wuni. Baƙin ruwan da ya rage kuwa, rami yake da shi a bayan rumfa.

A daminar 1994, shekarar da mai ya yi wuya, Jibrilla ya kafa tasa rumfar a tsallaken hanya, ya koma wanki da fetur da yake samu wurin 'yan bumburutu. Fetur yana cinye baƙin giris nan take, ya bushe kafin mai keke ya gama gaisuwa. Mutane suka fara tsallakawa.

Wata safiya Yuguda, Bafulatanin da ke zuwa daga hanyar Lau, ya turo kekensa sarƙar duk taɓo.

"Bappa, yau ma sai la'asar?" ya ce da Ɗantani. "Yaronka can, kafin in ce mi yetti, wato na gode, ya gama."

"Je ka," in ji Ɗantani. "Fetur ba ya wanke sarƙa, ƙwaƙule ta yake yi har ciki ya bar ta a bushe. In ta fara maka kukan gyare a hanya ka tuna da ni. Kuma kada ka kunna sigarinka a rumfarsa."

Yuguda ya yi dariya, ya tsallaka.

Rashin masu kawo gyara bai dami Ɗantani sosai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne bai taɓa ganin Jibrilla ya zubar da ruwan wanki ba. Fetur da aka wanke sarƙa da shi ba mai zuba shi a inji. To ina yake zuwa?

Ya gani da idonsa ranar da ya shiga rumfar Jibrilla karɓar sifanar da ya ara masa. A bayan tarin tayoyi akwai jarka da tsumma ɗaure a bakinta, Jibrilla yana tace baƙin ruwan a hankali. Gefe ga kwalaben lemo shida a jere, an toshe su da totuwar masara. Ɗantani ya ɗauki ɗaya ya kai hanci.

"Mene ne wannan?"

"Kananzir ne, Baba."

"Ni za ka gaya wa kananzir? Tun ba a haife ka ba nake shaƙarsa. Rabin wannan fetur ne."

Jibrilla bai daina tacewa ba. "Na surka shi sosai. Mata suna yawo gari ba su samu ko cokali ba. Taimako nake yi."

"Wuta kake sayar musu a kwalba. Zubar da shi yanzu, ina tsaye."

"To, Baba, zan zubar. Ka je ka ji da rumfarka, ga ta can ba kowa."

Ɗantani ya fita da sifanarsa. Nan ne shi ma ya yi nasa laifin. Ya yi tunanin zuwa wurin mai unguwa, sai ya ji abin da za a ce: tsoho ya rasa kasuwa, ya koma ɓata sunan yaron da ya koya wa aiki. Ya zaɓi mutuncinsa, ya yi shiru.

Bayan kwana uku ya ga Saratu, mai ƙosan da ke bakin kwana, ta fito daga rumfar Jibrilla da kwalba a ƙarƙashin mayafi. Bazawara ce, da kaskon nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ta ratso ta gabansa.

"Baba Ɗantani, ina wuni? Yau Allah ya rufa mini asiri, na samu. Itacen nan duk ya jiƙe."

Maganar ta zo masa har baki. Ya hango Jibrilla yana kallonsa daga tsallake.

"Lafiya lau, Saratu," ya ce. "A gaida yara."

Aka kwana ana ruwa. Da sassafe Saratu ta jera ɗanyen itace a murhu, ta kunna, wutar ta tsaya tana hayaƙi. Ta yi abin da kowace mace take yi: ta karkata kwalbar ta tsiyaya. Da kananzir ne da wutar ta ɗan tashi kawai. Wannan sai ta biyo zubin ta shige kwalbar. Ɗantani yana buɗe rumfa ya ji ƙarar. Shi ya fara isa, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta. Fatar hannuwanta ta biyo rigar.

Ta rayu. Yatsunta suka manne, ba ta ƙara riƙe matsami ba.

Da 'yan sanda suka zo, Jibrilla ya rantse haka ya sayo kananzir ɗin, bai taɓa shi ba. Ɗantani ya tsallaka hanya, ya ture tayoyin, ya fito da jarkar da tsummanta. A gaban alƙali ya faɗi komai, har ranar da ya shaƙi kwalbar, har gaisuwar da ya yi wa Saratu. Alƙali ya tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kunyar mutane." Bai nemi a sassauta masa ba. Saratu ba ta sake bi ta gaban rumfarsa ba, shi kuma bai sake cin ƙosai ba har ya mutu.

Jibrilla aka yanke masa shekara huɗu a kurkuku. Masu gyaran keke suka rushe rumfarsa, suka hana kowa a Jalingo ya sake ba shi aiki.