Gurbin Mai Taimako

Jan biron Dakta Nu'uman ya bi shafi na sha huɗu daga sama har ƙasa, ya juya na sha biyar, shi ma ya soke shi. Baraka tana zaune a gaban teburinsa, ta rungume jakarta, tana kallon aikin wata uku yana tafiya a banza.

"Malama Baraka, mi ya kai ki nan? Ra'in tsarin labari na ce ki ɗora. Shi wannan ra'i bai san Katsina ba, bai san unguwarku ba. Ƙashin labari yake dubawa, ba ruwanshi da tsoka."

Littafin da ta zaɓa don digirinta na biyu shi ne wanda ya tayar da ƙura bara. Labarin wata matar aure ne da ta faɗa shan maganin tari mai bugarwa a ƙuryar ɗakinta, har ya ga bayanta. An zagi marubuciyar, an ce ta tona wa matan gari asiri, masu shaguna suka kwashe littafin daga kan kanta. Dakta ya yarda Baraka ta yi nazarinsa ne bisa sharaɗi guda, kada ta ce uffan a kan abin da littafin yake faɗa. Mutumin kirki ne Dakta, sai dai kirkin nasa ba ya son jin an ambaci sunansa a taron sashe.

Ya jawo takarda ya zana gurabe huɗu. "Kowane labari, ga shi nan. Mai nema, abin nema, mai hanawa, mai taimako. Ki cike su ki kawo mani."

"Ranka ya daɗe, na cike uku. Na huɗun ne ba kowa. Sau biyar na karanta littafin, ban ga wanda ya taimaki matar nan ba."

"To ba ki karanta da kyau ba. Ra'i bai barin gurbi ba kowa. Ki sa uwarta, ai ita ke ba ta abinci."

*

Bayan la'asar ta isa gida, Ƙofar 'Yandaka. Ta tarar da Inna a ɗakin ƙurya, ta tallafo kan Yaya Jummai tana ba ta kunu da cokali.

Wata takwas ke nan da mijin Yaya Jummai ya dawo da ita. A da tela ce da ake layi a ƙofarta duk salla, yanzu zare ma ba ta iya zura shi a allura. Inna ta gaya wa unguwa taifot ne. Unguwa kuma ta karɓa, ana ta shigowa ana Allah ya sawwaƙe, kamar akwai wanda bai san abin da ke nan ba.

Da Inna ta fita da kwano, Yaya Jummai ta kamo gefen hijabin Baraka. Harshenta ya yi nauyi, kowace kalma sai ta jawo ta. "Kin yi maganar?"

"Na yi, Yaya. Sun ce in kai ki asibiti ranar Alhamis da hantsi. Na gaya ma mai keke."

"Ki kai ni, Baraka. Na gaji."

Baraka ta sami Inna a bakin murhu, ta durƙusa, ta faɗa mata komai. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da gyara itace.

"Wajen masu taɓin hankali za ki kai mani ɗiya? Da rana tsaka, ta gaban majalisar ƙofar gida?"

"Inna, ai kowa ya sani."

"Su sani a cikinsu. Ban yarda su gani da ido ba."

"To wa ke kawo mata kwalaben maganin tarin? Wata takwas ba ta taka ko zaure ba."

Sai a nan Inna ta ɗago. Idanunta sun kaɗa, kuma ba hayaƙi ba ne. "Ke kina makaranta, ba ki jin ihun da take in abin ya sake ta. Har gidan maƙwabcinmu Malam Sammani ana ji. In na ba ta sai ta yi barci. Ke da kika yi ilimi, gaya mani yadda uwa za ta yi."

Tausayin Inna ya kama Baraka, haushinta ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi. Ta tuna takardar Dakta da ke cikin jakarta. Ta san inda ya ce a sa uwa, amma hannunta ba zai iya rubutawa ba.

*

Ranar Alhamis mai keke ya zo a kan lokaci, ya danna hon sau uku. Baraka ta nufi ɗakin ƙurya da mayafin yayarta a hannu, ta tarar da kwaɗo a ƙofar. Ta leƙa ta taga. Yaya Jummai tana kwance rigingine, baki a buɗe, sabuwar kwalba a gefen katifa ba ko ɗigo a ciki.

Ta kira ta, ta sake kira, ta bubbuga ƙarfen tagar. Ko yatsa bai motsa ba, sai ƙirjin da ke ɗagawa a hankali. Ko da an buɗe ƙofar, mutum biyu ba za su iya tsayar da ita ba.

Baraka ta fita ta ba mai keke haƙuri, ya juya ya tafi. 'Yan majalisa suka gaishe ta, suka tambayi mai jiki. Ta ji bakinta yana cewa da sauƙi.

Da ta dawo, Inna tana bayan ɗaki ta tara kwalaben da aka shanye a gabanta, makulli ɗaure a bakin zanenta.

"Zo ki riƙe mani bakin buhun nan."

Baraka ta tsuguna ta riƙe. Inna tana ɗaukar kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe kowace da tsumma kafin ta saka, don kada su yi ƙara a hanyar bola.