Kan Malam Hammawa

Duk ƙasar Rogo an san Malam Hammawa na Beli. A karanta masa littafi da hantsi, kafin la'asar ya mayar da shi da ka, har ya gyara wa mai karatun kuskurensa.

Da daminar 1988 ya rasu. Ɗan ƙanensa Abdulsalami, mai karatun likita, bai iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Rabi'atu, babbar 'yar Malam, tana daga bayan ƙofar zaure ta ji shi yana magana cikin masu gaisuwa.

"Da a Turai ne, da ba a binne Baffa da ƙwaƙwalwarsa ba. Yanka ta ake yi, a duba abin da ya raba ta da ta sauran mutane."

"Kuma ana gani?" in ji wani dattijo.

"Wasu sun ce ana gani. Wasu sun ce in rai ya fita, nama ne kawai."

Rabin farko na maganar mutane suka tafi da shi. Ranar kasuwar Karaye labari ya zama wai akwai wani abu a cikin kan Malam, har likitoci na nemansa. Sai baƙi suka fara zuwa Beli, ba ta'aziyya ba, tambayar inda kabarin yake.

Wata safiya bayan ruwa, Ƙasimu mijin Rabi'atu ya dawo gida da labari. An tona kabarin ta wajen kai. Saura kaɗan a kai ga itacen da aka rufe gawar da shi.

Rabi'atu ta aika aka kira Abdulsalami.

"Ka ga abin da bakinka ya jawo wa Baba?"

"Wallahi Yaya, zancen ilimi nake yi."

"To je ka gaya wa masu haƙan."

Aka mayar da ƙasa, aka jibge ƙaya, maza suka shiga gadi.

Bayan sadakar arba'in wani baƙo mai farar babbar riga ya yi sallama da Rabi'atu. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "An ce duk cikin 'ya'yansa ke kika gado shi."

Ba fuskarta yake kallo ba, goshinta yake kallo.

"An yi maka ƙarya," ta ce. "Ni ba na riƙe komai."

A ranar ta sallami matan da take koya wa karatu. Da kaka ta yi, ta sa Ƙasimu ya kwashe su suka koma Kwanyawa, inda ba wanda ya san 'yar wane ce.